Kawu Feroze, Batirin Motata Yana Kan Teburinka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, Allah ya karɓi ran Feroze Juman, bakaniken da kowane direban tasi daga garinmu Penal zuwa birnin San Fernando yake kira Kawu. Ya dawo daga sallar azahar, ya zauna a bencin garejinsa, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin matarsa, Inna Zorina, ta kawo masa ruwa, rai ya yi halinsa.

Kawu, ni ce Nafeeza. Ina bakin titi ina jiran bas aka kira ni da labarin. Na zauna a gefen kwalbati ina kuka, mutane suna wucewa suna kallona.

Na san ka ne shekarar da huhun mijina Shazard ya lalace, ya bar aiki, ni kuma na karɓi tasinsa don mu ci abinci. Irin motar nan ce mai injin fetur haɗe da babban batir a ƙarƙashin kujerar baya. Ban san komai a kanta ba sai sitiyari. Wata rana ta soma gurnani a kan tudu, ba ƙarfi, ga shan mai kamar ana zuba shi a rariya. Na kawo maka ita. Ka ɗaga kujera, ka zaro fankar da take sanyaya batirin, ta cushe da ƙura da gashi da takardar naɗe gurasar roti.

"'Yata, tasi kike tuƙawa ko gidan abinci?" in ji ka.

Ka zaunar da ni ka yi mini bayani. Batirin nan shi yake tayar da injin. Shi yake jan motar a cunkoso injin yana hutawa, shi yake tallafa masa a hawan tudu, kuma duk birkin da na taka wuta ce take komawa cikinsa. In ya yi zafi ya gaji, injin ya koma ɗaukar kayan mutum biyu shi kaɗai. Ka nuna mini wayoyi masu launin lemo, fuskarka ba wasa. "Waɗannan ko da kuskure kada ki taɓa. Ba sa gargaɗi." Kai kanka ba ka kusantarsu sai da safar hannu ta roba mai kauri.

Amma abin da ba zan manta ba shi ne damunar bara. Ruwa ya cinye hanyar asibiti, wuta ta ɗauke a unguwa baki ɗaya. Shazard ba ya numfashi sai da na'urar iska, ita kuwa ba ta aiki sai da lantarki. Tasinmu tana can ƙetaren ruwa, inda na bar ta. Ina kallon leɓensa suna yin baƙi, yana kama iska da baki kamar kifin da aka jefo tudu. Na bi gida-gida neman janareta, wanda na samu babu mai a ciki. Na kira ka ban ma san abin da nake faɗa ba.

Ka biyo ta bayan gari da tsakar rana, jiƙe sharkaf, ka ajiye motarka, mai babban batir irin tamu, a fili, nesa da taga saboda hayaƙi. Ka jona inbata mai juya wutar batir zuwa ta gida, ka ja waya har ɗaki, ka bar motar a kunne. Babban batirin yana ba da wuta, in ya yi ƙasa injin ya tashi da kansa ya cika shi, ya sake yin shiru. Na'urar ta ɗauka. Na ga ƙirjin mijina ya lafa.

Ka leƙa ka ce masa, "Kai malalaci, tashi ka gode wa motata. Ni ko shayi ba a ba ni ba."

Ya yi dariya har ya sarƙe. Ka bar mana motar har wuta ta dawo, ka koma gida a ƙafa cikin taɓo, kai da ciwon gwiwa.

Makon da ya wuce tasina ta kunna jar fitila. Ka ce wasu sassan batirin sun mutu, za ka sauya su ka daidaita sauran. Ka sauke shi, ka buɗe, ka jera sassan a kan teburi. Ka ce in zo Laraba. Yana nan yadda ka bar shi, Kawu. Inna Zorina ta sa wa garejin kwaɗo saboda jikoki. Na je wajen kanikawa, kowa ya ji an riga an buɗe batirin sai ya girgiza kai. Ba mota, ba aiki, ba abin da zan kai Shazard asibiti da shi, ga hadari yana haɗowa kullum yamma. Wuta ta ɗan ƙifta sai hannuna ya kai kan waya, sannan in tuna. Wa zan kira? Wallahi ban sani ba. Ina jin kunyar kawo kukana a cikin makokinka, amma kai ne ka saba mana da kawo maka shi.

Ranar jana'iza, tasi sun cika titi tun daga masallaci. Shazard ya ce in fito da shi baranda. Da motar da take ɗauke da kai ta iso ƙofarmu, ya zare robar iska daga hancinsa, ya dafa bango ya miƙe. Na roƙe shi ya mayar. Ya ce, "Bari ya wuce tukuna." Bai zauna ba sai da kuka sha kwana.

Ya Allah, ga bawanka Feroze ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Zorina, da 'ya'yansa Imtiaz da Salisha, da jikokinsa, da direbobin hanyar Penal. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu kuma da ya bari, ya Ubangiji, ba mu da dabara. Kada ka bar mu da kanmu. Amin.