Libarbar da Na Je Nema Birmingham

Ni dai matsoraci ne, gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni. Ko rago ban taɓa yankawa ba. Ranar layya nakan riƙe ƙafar baya ne in kau da kai har a gama. Amma akwai shekarar da na shiga mota tun daga Manchester har Birmingham da niyyar sayen bindiga, kuma da hankalina na tafi.

A watanninmu na farko ne a Ingila. Na zo karatun digiri na uku a fannin ƙasar noma, tare da matata da 'yarmu mai shekara biyu, muka kama rabin wani gida a Longsight. Mun sauka daidai lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Duk wanda ka gaisa da shi, kafin ya tambayi iyali sai ya ba ka labarin abin da aka rufe ko aka rage: laburare, wurin wasan yara, 'yan sandan da ke zagaya unguwa a ƙafa. Mu da ba mu ga zamanin daɗin ba, sai mu gyaɗa kai mu ce Allah ya kyauta.

Wata Talata da la'asar matata tana dawowa daga kasuwa, tana tura keken yarinya a bakin Stockport Road, wani ƙato a kan keke ya fizge jakarta ya wuce. Ba wani abin kirki a ciki, waya ce da makullin gida da katin bas. Na kira 'yan sanda, wata mata mai ladabi ta yi mana jaje, ta ba ni wata doguwar lamba ta ce in adana. Na adana.

Tun daga ranar matata ta daina fita. Matar da ta san kowane lungu na kasuwar Sabon Gari, ko shara ba ta kaiwa waje. Ni ne cefane, ni ne kai yarinya asibiti. Sati uku ana haka, sai wata safiya ta ajiye mini shayi ta zauna a gabana.

"Malam, ka nema mana ticket. Ni da yarinya za mu koma Zariya. In ka gama karatunka ka same mu."

Shekara huɗu ke gabana a garin nan mai ruwan sama ba dare ba rana, kuma na san kaina, in suka tafi ba zan kai labari ba. Ban san sa'ad da baki ya suɓuce mini ba.

"Idan na sayi libarba fa?"

Ta ɗago ta dube ni. A nan ya kamata in ce mahaifinta tsohon jami'in ɗan sanda ne. Ta tashi tana ganinsa duk Asabar ya shimfiɗa jarida a tsakar gida yana goge libarbarsa, ƙaramar bindigar hannun nan mai 'yar ganga a tsakiya da ke juyawa da harsashi. Ni kuwa a fim kaɗai na santa.

"Kai?" ta ce.

"Ni mana."

Ta juya cokali a kofi, sannan ta ce to in dai da gaske nake, kada in kwaso mai dogon baki, domin ba ta ɓoyuwa. In nemi gajera. Mai cin harsashi biyar ta fi mai shida siranta, ba ta kumbura riga. Kuma libarba ta fi dacewa da irina, saboda ba ta da tarkace da yawa kuma ba ta cika cijewa ba. Na tambaye ta me take nufi da irina. Ta ce in sha shayina kada ya huce.

Rabon da in ji ta yi magana mai tsawo haka tun kafin a fizge jakar. Don haka na riƙe zancen da hannu biyu.

Ta ce kafin a sayi abu sai an san inda za a sa shi. Ta ɗauko wani ƙaton kwaɗon kulle da muka zo da shi daga gida a jikin akwati, ta auna shi a tafin hannu, ta ce nauyin ya yi kusa. Muka shiga gwaji. Na sa shi a aljihun kaftani, rigar ta karkace gefe guda kamar an rataya ta a ƙusa. Na sa a aljihun ciki na kwat, ta ce ko makaho ya san akwai abu a ƙirjina. Daga ƙarshe muka tsaya a kan ƙugu, aka soke shi a mazagin wando ta dama, riga ta rufe. Ta sa na yi tafiya daga kicin zuwa ƙofa sau uku, tana gyara mini kafaɗa.

Kwana biyu ina zuwa jami'a da kwaɗo a ƙugu. Wallahi har tafiyata ta canza, ina shiga bas ina duban mutane ɗaya-ɗaya. A rana ta biyu muna sallar azahar a ɗakin salla, na yi ruku'u, sai ji na yi tim a kan darduma. Bayan sallama wani ɗan Sakkwato da ke gefena ya miƙo mini shi da hannu biyu, ya ce, "Malam, kwaɗonka." Bai ƙara ko kalma ba, kuma har yau ina ganin girmansa.

Saura inda za a saya. Matsalata ita ce ban san sunan libarba da Turanci ba. A ganina Hausa ce tsantsa, irin su adda da gariyo. Na rubuta ta a kwamfuta, ba abin da ya fito. In rubuta kalmar bindiga da Turanci kuwa, a kwamfutar jami'a, da gemuna da irin sunana, tsorona bai bar ni ba. Sai na tuna da wani dattijo mutumin Filato, abokin kawuna tun suna makarantar kwana, wanda ya shekara ashirin da wani abu yana tuƙa bas a Birmingham. Baba muke ce masa. Na kira shi na kwashe labari na gaya masa.

Ya ce, "Zo ranar Asabar, ɗana. Ai garin maƙeran bindiga ka kira."

Ya tare ni a tasha da hularsa ta sanyi, muka taka zuwa wata tsohuwar unguwa mai gine-ginen jan bulo. A hanya yana gaya mini cewa da yawa daga bindigogin da suka shiga ƙasashenmu a zamanin da, nan aka ƙera su. Muka tsaya a ƙofar wani ɗan kanti. Ya ce in shiga gaba, shi ɗan rakiya ne.

Ciki warin mai da katako. Dogayen bindigogin farauta jere a bayan gilashi, wani tsohon Bature mai tabarau yana zaune a kanta. Na gyara murya.

"Good morning. I want libarba."

"A what, sir?"

Na maimaita a hankali, harafi-harafi, yadda ake yi wa kurma. Bai gane ba. Na nuna tsawonta da hannu, na kaɗa yatsa ina kwaikwayon gangar da ke juyawa. Sai fuskarsa ta washe.

"Oh! A revolver!"

Na tsaya baki buɗe. Na juya kalmar a bakina sau biyu, sai ga ta ta koma libarba. Ashe aro muka yi tun zamanin kakanni, muka sa mata riga da hula, har ga mai ita a gabana bai gane kayansa ba. Ina cikin murnar wannan ilimi ne tsohon ya cire tabarau ya tambaye ni yaushe na zo ƙasar.

Da na gaya masa, sai ya yi mini bayani cikin natsuwa, irin ta wanda ba ya so ya kunyata baƙo. An hana mutane mallakar irin wannan bindiga shekaru da yawa da suka wuce. Wanda aka kama da ita a aljihu, shekara biyar ce mafi ƙaranci a gidan yari. Yawancin 'yan sandansu ma ba sa ɗaukarta. Na ce to wuƙa fa? Ya girgiza kai. Barkonon fesawa? Shi ma laifi ne. Na ce to mutum me zai riƙe a ƙasar nan? Ya ce akwai wani ɗan abu mai ƙara da mata ke sawa a jaka, ana samu a kantin kayan gida.

Na waiwaya, babu Baba. Na same shi a waje ya dafa bango yana dariya har da hawaye.

"Baba, ashe ka sani?"

"Ina garin nan aka hana, ɗana."

"To me ya sa ba ka gaya mini a waya ba?"

Ya share ido da hularsa, dariyar ta tsaya. "Da na ce maka babu, da ka je ka tambayi wani. Kuma akwai masu ce maka akwai. Daga nan visa ta tafi, scholarship ta tafi, matarka ta koma gida ita kaɗai da gaske. Gara ka ji daga bakin mai kanti."

Ya kai ni gidansa, matarsa ta cika ni da gwate mai zafi, ita ma ta yi tata dariyar ta ƙoshi. Sannan muka je muka sayi abin ƙarar. Girman ƙwai ne, da ɗan zare a kai, kuma ruwan hoda kaɗai ya rage a kantin.

Na iso gida kafin magariba. Matata na zaune a falo, ta dubi ƙuguna, ta dubi hannuna. Na ajiye mata ƙwan a kan tebur. Ta ɗauka ta jujjuya, ta ja zaren.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Yarinya ta tsala ihu, maƙwabci ya hau dukan bango, ɗan ƙarfen jikin zaren, wanda sai an mayar da shi ƙarar ke tsayawa, ya faɗa ƙarƙashin kujera. Na danne abin da matashin kujera, na zauna a kai, yana ta kuka a ƙarƙashina. Da ƙyar ta lalubo ƙarfen muka toshe shi. Sai ta zame ƙasa tana dariya, tana riƙe ciki, tana nuna ni da yatsa.

Da ta lafa ta ce, "Malam, ai na san an hana. Matar da ke zuwa duba lafiyar yarinya ta gaya mini tun washegarin da ka fara zancen."

"Kika bar ni ina yawo da kwaɗo a jami'a?"

"Ban taɓa ganin ka tashi tsaye a kaina haka ba. Na so in ƙara gani kaɗan."

Na rasa fushi zan yi ko daɗi zan ji. Ta ɗauki yarinya ta rungume, ta daɗe tana shafa mata kai, sannan ta gaya mini abin da ba ta faɗa ba duk makonnin nan.

"Ba jakar ba ce. Da ya fizge, na yi ihu. Na ce ɓarawo, ɓarawo, iya ƙarfina. Ka san a gida in ka faɗi haka, ko mai salla sai ya sallame. A nan titi cike da mutane, suka dube ni, suka ci gaba da tafiya. Sai na ga ko yarinyar ya ɗauka haka za su wuce."

Kunya ta kama ni, domin sama da sati uku ke nan, har na kai ga lissafin bakin bindiga da adadin harsashi, ban taɓa zama na tambaye ta abin da ya faru a wurin ba.

Ranar Litinin ban je jami'a ba. Na ce ta raka ni cefane, ko zuwa bakin titi ne mu dawo. Ta daɗe a ɗaki, har na cire rai, sai ta fito da rigar sanyi, ƙwan ruwan hoda a hannunta. Muka taka a hankali. Da muka zo gaban wani kantin nama ta tsaya, ta ce a nan ne.

Mai kantin, wani dattijo ɗan Pakistan mai jan gemu, ya hango mu ta gilashi ya fito yana goge hannu. Ya yi sallama, ya ce da ita, "Sister, kwana biyu." Ya ce yana nan ranar, ya ji tana kiran wata kalma da ƙarfi, ya ɗauka sunan yaro take kira, wani ɗanta da ya ruga gaba. Sai da ta wuce tana kuka aka gaya masa abin da ya faru, kuma tun ranar abin yana damunsa. Ya tambaye ta me kalmar take nufi.

Ta gaya masa. Ya ce ta sake faɗa. Ta faɗa.

"Barawo," in ji shi.

"A'a, Uncle. Ɓa. Ɓarawo."

Ya cika kumatu ya gwada, ta gyara masa, ya sake. Ya kira ƙaninsa da ke sara a ciki da mai kayan miya na kusa, ya jera su a bakin titi, manyan mutane uku suna ɓa, ɓa, matata tana gabansu tana ɗaga yatsa kamar malamar firamare. A karo na biyar dattijon ya same ta daidai, ya kwarara ta da ƙarfi har masu jiran bas suka waiwayo. Ya ce daga yau in ya ji ta, da abin saransa zai fito.

Muka shiga kantin. Na ce a ba mu kilo ɗaya, yadda na saba. Matata ta ce a'a, a sara mata rabin rago, a ƙulla kashi-kashi na firiza, ya kai mu watanni.

Ni na ɗauko ledojin har gida. Hannuwana sun kusa tsinkewa, idona ya cika da ƙwalla, ita kuma tana gaba da keken yarinya tana ce mini in ɗaga ƙafa.