Hannun da anka ƙona bai ji ba

Salamu alaikum 'yan uwa. Shekaru da yawa kuna tambayata mene ne tabo ukun nan da ke dantsena na dama, ni kuwa sai in ce ku bari kawai. Yau na gaji da bari. Jiya na ga an aza ma wani irin waɗannan tabon, raina ya ɓaci har yanzu.

Lokacin ina mushe lakwal, wato malamin makaranta, a wani ƙauye kusa da Dogarawa, wayar salula ma sai ɗai-ɗai. Ina komowa daga Malbaza bisa moto, wato babur, motar siminti ta matse ni, na faɗa rami kafaɗa ta fara isa ƙasa. Na tashi da ƙafafuna. Amma hannun dama ya ƙi ɗaguwa, yana reto kamar hannun riga.

A asibitin Konni anka yi mini radiyo, wato hoton ƙashi. Majon, wato babban ma'aikacin jinya, da ya duba takardar ya ɗaga ta sama, ya ce ƙashi lafiya lau, targaɗe ne, in sha magani in koma aiki. Na ce mishi babban yatsana ba ya jin komai. Bai ko taɓa shi ba. Wallahi bai taɓa shi ba.

Takardar nan ita ta kashe ni. Duk wanda na yi ma kuka sai ya ce ai radiyo ta ce ba komai. Sufeton makarantu har ya aiko a faɗa mini in daina lalaci. Ni da ke riƙe alli da hagu, yara na dariyar rubutuna.

Sai gida sunka karɓi aikin. Mai ɗori ya ja hannun nan sati uku, kullum safe, mutum biyu na danne ni. Ba karaya, to mi ake ɗorawa?

Wata na huɗu kawuna Ɗan Jimma ya zo daga Illela. Makiyayi ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana, ba ni iya ce mishi a'a. Ya ce hannun barci yake, kuma yadda suke tada saniyar da ƙafarta ta mutu haka za a tada shi. Ya sa ƙarfe cikin garwashi sai da ya yi ja, ya aza mini wuri uku.

Ina kallo. Ina jin ƙaurin fatata. Zafi kuwa ko ɗis.

Mutane sunka hau yaba mini wai jarumi ne ni. Matata Rabi kaɗai ta fashe da kuka. Ta ce: “Mushe, wagga ba jarunta ba ce. Wuta ta ci ka ba ka sani ba, kuma suna murna.”

Ita ta saida shanunta biyu na gado, ba ta shawarci kowa ba. Munka ƙetare iyaka zuwa wani babban asibiti a Najeriya, tafiyar yini guda, don a lokacin can anka ce mana za mu samu na'urar da ake kira IRM. Radiyo ƙashi take gani. Ita wagga tana nuna nama da jijiyoyin da ke kai saƙo daga wuya zuwa hannu.

Likitan can ya kwance tsumman da ke dantsena, ya ga ƙunar. Sannan ya tambaye ni wata nawa da faɗuwar. Na ce biyar. Ya bayyana mini cewa in jijiyoyin sun tumɓuke daga lakar ƙashin baya, aikin ya yi wuya ƙwarai. In kuwa a hanya sunka tsinke, ana iya haɗawa, amma lokaci ya kusa ƙure mana.

Sunka sa na cire duk wani ƙarfe, har zobe da kambun da kawu ya ɗaura mini. Anka kwantar da ni, anka tura ni cikin wani rami matsattse, anka ce ko miyau in haɗiye a hankali. Ƙara kamar injin niƙa a cikin kai. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Ba na'urar nake tsoro ba, abin da za ta faɗi.

Kwana biyu bayan nan likita ya nuna mini hoton. Ba su tumɓuke ba. Sun tsinke ƙasa da wuya, tabo ya cika wurin.

“Malam, da watan farko ka zo, da ban yi fargaba ba,” in ji shi. “Wa ya ce maka ba ka da komai?”

Na ciro takardar radiyon Konni na aza mishi bisa tebur.

Anka yi aiki, sunka ciro jijiya daga ƙafata sunka dasa. Daga nan sai motsa hannu kullum, Rabi na lanƙwasa shi tana miƙewa, wata da watanni ba labari. Bayan kusan shekara gwiwar hannun ta fara motsi. Kafaɗar kuwa har gobe ba ta kai saman allo. Watanni biyar ɗin can sunka ci ta, kuma ban yafe sakacin ba.

Na gode ma Allah, na gode ma Rabi da likitan nan. Ku kuma, in hannu ya mutu bayan faɗuwa, ko radiyo ta ce lafiya, ku nemi likitan jijiya tun watan farko. Kar ku bari a ja shi. Kar ku bari a kai mishi wuta.

Kawu ya daina zuwa gidana don kunya. Sai wata Sallah, shekara biyu da aikin, ya zo gaisuwa. Ya dafa shayi kamar yadda ya saba, ya miƙo mini. Na karɓa da dama ban lura ba. Kofin ya ƙona mini babban yatsa, na yi ƙara na sake shi ya fashe.

Tsohon ya kama yatsan yana hurawa, hawaye na zuba cikin gemunsa.

“Ka ji, ɗana? Ka ji zafi?”

Na ce na ji, kawu. Wannan karon na ji.