Akuyar Surukina Da Ta Haifi Ruwa

Shekarar da na samu aikin lebura a masaƙar Kakuri, ana saura kaɗan Turawa su tafi, surukina ya kawo mana akuya daga Kakau. Kiwo ya ba ni, irin na al'ada: haihuwa biyu tasa, ta uku tawa. Tun farko bai so ni da 'yarsa ba. Ya ce wanda ya bar makaranta a aji huɗu ya gudo birni ba zai riƙe amana ba. Da zai tafi ya ce, "Kai, akuya ce gwajinka. In ta salwanta, 'yata ma gida za ta dawo."

Cikin akuyar ya ɗaga. Kowace Juma'a tsohon yana zuwa a kan kekensa, ya tsuguna ya lallatsa ta, ya ce, "Biyu ne." Ni kuwa dusa, harawa, kanwa, babu abin da ban ba ta ba. Ko tari ta yi gabana sai ya faɗi.

Wata biyar cif, ran wata Talata da hantsi, ta yi nishi ta zubar da ruwa. Ruwa kawai, kamar an fasa tulu. Cikin ya saɓe. Na duba bayan ɗaki, na duba kwata, har bakin layin dogo na je ina kiran ɗan da ba a haifa ba. Babu ɗa, babu mabiyiya, babu ɗigon jini.

Matata ta ce, "Malam, ka faɗa wa Baba gaskiya."

Na ce, "Wace gaskiya? Akuya ta haifi ruwa? Ke kin taɓa ji? Cewa zai yi na sayar wa masu tsire."

Na kasa cin abinci. A wurin aiki saura kaɗan inji ya kama mini hannu. Ran Alhamis na je wurin wani mahauci a Makera, ya ba ni ɗan akuyar da uwarsa ta mutu. Na shafa masa nonon akuyarmu a ka, don hantsarta ta kawo har tana ɗiga. Ta shinshina shi, ta karɓa. Na ce Allah ya rufa asiri.

Juma'a tsohon ya jingine keke. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗaya ne, Baba."

Ya ɗaga ɗan akuyar, ya birkice shi, ya kalli cibiya.

"Yaushe ta haihu?"

"Talata."

"Talatar wane wata? Cibiya ta bushe ta faɗi, ga ƙaho na tsiro. Ko a ciki ya yi wayo?"

Makwabciyarmu, matar wani makanike ɗan Ibo, ta tuntsire da dariya daga bakin murhu. Matata ta shige ɗaki. Sai na faɗa masa komai.

Ya ce, "Ruwa ta zubar? To, uwarta sau biyu ta yi mini haka. Da ka faɗa da na ce Allah ya kyauta, mu ci tuwo. Yanzu kuwa na san wanda na ba 'yata."

Bayan shekaru wani malamin dabbobi ya bayyana mini. Wai akwai wani sinadari a jinin akuya mai riƙe ciki, kuma akwai abin da ke narkar da shi in babu ɗa. In wannan ya yi sanyi, jiki sai ya ci gaba da zaton akwai ciki, mahaifa ta cika da ruwa. Abin da tsoho marar karatu ya sani ke nan, ni mai aji huɗu ban sani ba.

A ranar dai, surukina ya ɗaure akuyar a bayan keke, ya ce matata ta ɗauko mayafinta. Wata bakwai ta yi a Kakau kafin dattawa su sa baki. Ta dawo, amma har ya rasu bai ƙara ba ni ajiyar ko igiya ba. Ɗan akuyar kuwa, ran nan ya bar mini shi a tsakar gida, yana kuka.