Na Mayar da Agogon Kwamfutar Yaya Baya

Shekara shida ke nan da rasuwar Yaya Sani, kuma sai bana na ji ya tafi da gaske.

Yaya mutum ne mai son kulle abu. Da ya gama ɗaukar karatun zauren da mahaifinmu yake bayarwa a gidanmu na Ƙofar Kuyambana, sai ya ɗora muryoyin a wani shafi na intanet da ba a shiga da kalmar sirri. Wai kalmar sirri ai har a shago ake faɗa wa mutane. Sai dai satifiket, wata 'yar shaida da ya saka cikin burauzar kwamfutarsa, wato manhajar shiga intanet. In ka buɗe shafin, akwati zai fito da sunansa, ka danna, shafin ya gane ka. Muka yi ta yi masa tsiya, wa zai saci karatun Ahalari?

Bayan rasuwarsa, duk Juma'a in an sauko masallaci nakan kunna wa Inna. Takan ce karatun Malam, wato marigayi Babanmu, take so. Amma na lura ba ta gyara zama sai an zo inda Yaya yake katse Baba da tambaya. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta ce shi take kewa.

Bayan ƙaramar sallah shafin ya ƙi buɗewa, akwatin ma ya daina fitowa. Na sake burauza, na goge tarkacen da ta tara, na sake layin data, shiru. Wani mai gyara a Tudun Jukun ya duba ya ce, “Malam, satifiket ɗin ne wa'adinsa ya cika. Wanda ya yi shi ne kaɗai zai sabunta.”

Sai na tuna duk wanda ya kawo wa Yaya irin wannan matsala, abin da yake fara cewa shi ne, “Duba agogonka tukuna.” Na mayar da kwanan watan kwamfutar baya, zuwa shekarar da yake raye. Wallahi sunansa ya dawo cikin akwatin. Na danna, shafin ya ƙi. Na'urar da ke riƙe da shafin can a intanet tana da nata agogon, kuma ba ruwanta da nawa. Da yana nan da ya yi mini dariya har da riƙe ciki, sannan ya gyara kafin shayi ya huce. Ina kewar wannan dariyar.

Har yau ina neman wanda zai ciro mana muryoyin. Ranar da na mayar da agogon dai Inna ta leƙo, ta nuna rubutun cikin akwatin da ba ta iya karantawa.

“Na yayanku ne wannan?”

Na ce nasa ne, amma sai na gyara agogon, kuma in na gyara zai ɓace.

Ta jawo tabarma ta zauna. “To bar shi haka.”

Allah Ya jiƙan Yaya da Baba. Agogon yana nan yadda na bar shi.