Lambar da Kawu Yake Fara Hudawa

Jiya ɗiyata makauniya ta dawo daga lakwal, wato makaranta, tana kuka. Littafinta na rubutun makafi ba shi da lambar shafin littafin masu gani. Mushe, malaminsu, ya ce a buɗe shafi kaza, ita kaɗai ta yi ta lalube.

Sai na tuna marigayi kawuna a Dungas, mai huda mini littattafai da rubutun makafi, don ni ma ba na gani. Ina gefensa, ina jin ƙas-ƙas ɗin tsinkensa a takarda mai kauri. Lambar nan yake fara hudawa a kusurwa, ya ɗora yatsana a kai: "Taɓa, ɗana. Kada ka roƙi kowa ya nuna maka wuri."

Yau wa zai huda mata? Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu, yadda ka haskaka yatsuna.