Fiyus a Aljihun Jatau

Shekara goma sha ɗaya na yi aiki tare da Jatau a wata makarantar koyon sana'a a Umdurman ta ƙasar Sudan, ni ina koyar da lissafi, shi yana kula da ɗakin aikin lantarki. Iyayensa 'yan ƙwadagon auduga ne a Jazira. Shi ne na farko a gidansu da ya riƙe abin da ba fartanya ba: afomita, wato mitar nan mai allura da ake auna ƙarfin wuta da ita.

Ƙa'idojinsa ba su da yawa, amma ba ya sassauta su. A fara awo daga ma'auni mafi girma, a sauko a hankali, don kada allura ta bugu. A sa hannun hagu cikin aljihu, don kada wuta ta ratsa ƙirji. Babbar cikinsu kuwa ta garinmu ce. Yakan ce, "A Khartum allurar da ta kwanta ba shaida ba ce. Wataƙila an ɗauke wuta ne kawai, kuma mai dawo da ita ba zai yi maka sallama ba. Cire fiyus, sa a aljihunka, sannan ka taɓa waya."

A 1991 aka kawo masa takarda ya sa hannu cewa wayoyin da aka ja don wani taron hukuma a filin makaranta lafiyarsu ƙalau. Ya auna, ya ƙi. Bayan mako biyu sunansa ya fito cikin waɗanda aka sallama "don maslahar jama'a". Ni ban ce uffan ba, na kai har ritayata.

Da ƙyar ya samu aiki a wata masana'antar matse man gyaɗa a Mantiƙa Sinaiya, wato unguwar masana'antu, ta wani Alhaji Hussein. Kullum daga unguwar Hajj Yusuf yake tasowa, mota biyu. Da wannan aikin kaɗai yake ciyar da matarsa Hajara da 'ya'ya biyar.

Wata rana da hantsi, a 1996, babban injin ya yi warin ƙuna ya tsaya. Jatau ya ɗora afomita, allura ba ta motsa ba. Ya gwada a bangon ofis, nan ma shiru: an ɗauke wutar unguwar gaba ɗaya. Ya nemi makullin akwatin fiyus, aka ce yana hannun manaja, manaja kuma ya tafi ta'aziyya Bahri, can ƙetaren kogi.

"Ya usta, gwanin wuta, mitarka da kanta ta ce babu wuta," in ji Alhaji. "Ko ita ma ba ka yarda da ita ba?"

"Alhaji, cewa ta yi babu yanzu. Ba ta yi mini alkawarin anjima ba. A fasa kwaɗon mana."

"A fasa kwaɗona saboda tsoronka? Shi ya sa gwamnati ta gaji da ku. Ka gyara kafin wuta ta dawo, ko ka ɗauki jakarka. Masu neman aiki sun cika bakin ƙofa."

Jatau ya gaya mini cewa tukunyar Hajara ya tuna. Ya sa hannun hagu a aljihun da babu fiyus cikinsa, ya miƙa na dama. Bai gama kwance waya ta biyu ba wuta ta dawo.

Hannun da ke aljihu ya tsare masa rai. Na daman kuwa, yatsu uku aka yanke. Na karanta rahoton da masana'antar ta rubuta, mai kurakuran rubutu har bakwai. Ya ce ma'aikacin ya yi ganganci, bai iya amfani da na'urar awo ba. A kan haka aka sallame shi.

Yanzu yana da ɗan tebur a gefen maƙera a Kasuwar Umdurman, yana sayar da batura da ƙwan fitila. Ran nan ina zaune wurinsa wata mata, Barakatu, ta kawo batirin rediyo a duba mata. Ya murɗa afomita zuwa ma'auni mafi girma da yatsu biyun da suka rage, yana saukowa ɗaya bayan ɗaya.

"Kai, Baba, batirin rediyo ne fa, ba injin jirgi ba!"

"Na sani, 'yata," in ji shi, bai ɗago kai ba. "Sau ɗaya aka gaggauta ni."