Kwalabe Shidan da Na Kai Birmingham

Shekarun baya, ina shekara ta uku a karatun digirin digirgir a Manchester, na yi wa wani abokina maganar da har yau nake jin kunyarta.

Bincikena a kan ruwan da ke fitowa tare da ɗanyen mai ne daga rijiyoyin cikin teku. Ruwa ne mai dauɗa, sai an tace shi kafin a mayar da shi teku, in ba haka ba kifaye su mutu. Na haɗa wani abin tacewa da ƙonannen ɓawon gyaɗa, sakamakon kuwa ya yi kyau ƙwarai. Sai kaina ya fara girma. Hatta ɗaliban da nake koyarwa ranar Talata sai da na nuna musu, ina kai da komowa a gaban allo kamar ni kaɗai na ceci teku.

Malamar da ke duba aikina ta ce a sake gwada ruwan da wani injin awo daban kafin mu wallafa. Abokin nan nawa yana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Birmingham. Tare muka zo daga Najeriya, amma shi ya ajiye nasa karatun lokacin da 'yarsa ta yi doguwar jinya. Na kai masa kwalabe shida na ruwan da na tace.

Bayan mako biyu ya gayyace ni gidansa a unguwar Sparkbrook. Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe. Sai da muka wanke hannu sannan ya ce, "Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa maka. Man yana nan a cikin ruwan. Injinku ne ba ya ganinsa, ina jin ba a saita shi daidai ba."

"Ka sake gwadawa," na ce.

"Sau uku na yi, wallahi. Na so a ce kuskuren nawa ne."

Ban san lokacin da na ce, "Wanda ya kasa gama nasa ne zai gyara min nawa?" ba.

Matarsa tana kwashe kwanuka, ta tsaya cak. Shi kuwa ya ce, "Haka ne." Ya rako ni har tashar bas a Stratford Road, ana yayyafi, yana riƙe min lema.

Da na koma aka duba injinmu. Shi ne da gaskiya. Aikin shekara biyu ya tafi a banza. Na tsaya gaban ɗalibaina na ce su soke abin da na koya musu, na kuma sake komai daga farko. Duk tsawon lokacin nan ban kira shi ba. Kullum ina cewa sai na gama.

Ranar da na gama na tura masa dogon saƙon ban haƙuri. Ya amsa, "Ba komai. Allah ya sanya albarka."

Yanzu ni ma koyarwa nake yi, kuma na san da na wallafa abin nan da sunana ya ɓaci tun ban fara ba. Shi ya rufa min asiri, ni kuma na taɓa shi a inda ya fi masa ciwo. Muna gaisawa duk Sallah. Da can da sunan tsokana yake kirana, yanzu "Dokta" yake ce min cikin ladabi, kamar baƙon da ya haɗu da shi jiya.